Maramiyya a kwalba: aikin nan zai yiwu a Sakkwato kuwa?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da maganar da nake so iyayenmu masu magani da masu lambu su sa baki a ciki. Ganyen nan maramiyya, da alhazai ke tsarabarsa daga Saudiyya ana jefa shi a shayi don ciwon maƙogwaro da kumburin ciki, yana da dangi kusan iri 1000 a duniya, masana suna kiransu Salbiya. Wasu sun cika ko'ina, wasu kuwa a tsauni ɗaya ko kwari ɗaya kaɗai suke. Turkiyya tana da kusan iri 100, kuma kimanin rabinsu babu su a wata ƙasa. Akwai fara ta Kalifoniya a Amurka, wadda masu sayar da turare suka addaba da yanka a daji har mutanen asalin wurin suna kuka. Akwai ta China mai jar saiwa, danshen, da suke haɗa maganin zuciya da ita. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi yanzu a ceci irin waɗannan ita ce rainon tsiro a cikin kwalba. Ina so mu gwada a nan gida, mu fara da maramiyya. Me kuka gani?

Baba Garba mai magani: Wa alaikumus salam. Ɗana, hwaɗa muna dalla-dalla. Ƙaƙa icce za shi tsira cikin kwalba, babu ƙasa, babu iri?

Malama Hadiza: Baba, barka da warhaka. Bari in amsa, tunda aikina ke nan a ɗakin gwaji. Kun san karan rogo ko rake, a yanko a binne ya tsira ba tare da iri ba. To asalin abin ɗaya ne, sai dai mu abin da muke yankowa ƙarami ne ƙwarai: gaɓa ɗaya mai ido, santimita ɗaya ko biyu. Tun 1902 wani masanin tsirrai, Gottlieb Haberlandt, ya kawo ra'ayin cewa ƙwayar halittar tsiro guda tana ɗauke da duk abin da ake buƙata ta zama cikakken tsiro, in dai an ba ta abinci da yanayin da ya dace. Shi bai cimma hakan ba, na bayansa ne suka cimma.

Abincin da kusan kowa ke amfani da shi yau, Murashige da Skoog ne suka fitar da shi a 1962, suna aiki a kan taba. Gishirin ma'adanai ne da bitamin, a ƙara sukari giram 30 a lita ɗaya, sai aga kamar giram 8, wani gari da ake samu daga ciyawar teku, shi ke daskarar da ruwan. A daidaita tsaminsa ya tsaya wajen 5.8, a zuba a kwalabe, a dafa a tukunyar matsi a zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 20, don kada wata ƙwayar cuta ta rayu a ciki.

Sai sinadaran girma guda biyu, saitokainin da oksin. Skoog da Miller sun nuna a 1957 cewa in na farkon ya rinjaya, rassa ne ke tohowa. In na biyun ya rinjaya, saiwa ce ke fitowa. Saboda haka mukan fara da BAP, wani nau'in saitokainin, mu tara rassa, duk bayan mako huɗu mu yayyanka mu raba a sababbin kwalabe, daga baya mu mayar da su kan IBA, wani nau'in oksin, su yi saiwa. Ku yi lissafi: in kowane reshe ya ba da huɗu a wata, zagaye shida ya kai 4096 daga gaɓa guda.

Bello mai lambu: Malama, lissafin ya yi daɗi a takarda. Amma ni a lambuna na Kwalkwalawa, na'a-na'a da ɗoɗɗoya ko a kofin ruwa na sa reshensu sai sun yi saiwa. Maramiyya danginsu ce, kuma ita ma tana kamawa da yanka in an yi da sanyi, cikin yashi mai tsane ruwa. Abin da ke kashe ta a nan biyu ne: zafin bazara, da ruwa in ya kwanta mata a gindi da damina. Kwalba za ta yi maganin waɗannan? In ba za ta yi ba, mene ne na kashe kuɗi a kan abin da wuƙa da leda za su yi?

Nasiru: Yaya Bello, ai ba a haɗa yawan ba. Kai nawa za ka yanka daga gindi guda a shekara?

Bello mai lambu: Iyakar abin da kasuwa ke so. Wa zai sayi gindi dubu huɗu na maramiyya a garin nan?

Malama Hadiza: A nan kam ina bayan Malam Bello. Maramiyyar shayi ba ta buƙatar kwalba, kuma duk wanda ya ce muku kwalba za ta sa ta jure zafin watan Afrilu bai faɗi gaskiya ba, domin abin da ya fito daga kwalba halin uwarsa yake ɗauka, bai fi ta ba. Kwalba tana da wurinta: inda uwayen da suka rage kaɗan ne har ba a iya yi musu yanka mai yawa, ko irin ba ya tsira sosai, ko cuta ta kama gindin ana son a fitar da mai tsabta daga ƙwayar tohon, kamar yadda Morel da Martin suka yi a Faransa a 1952. Ga dabino: in ka shuka ƙwallo, kusan rabi maza ne, matan ma ba sa fitowa kamar uwarsu, 'ya'yan gindi kuma ba su da yawa. Shi ya sa Saudiyya da Daular Larabawa da Maroko suka rungumi kwalba a kansa. Cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan ma da ita take yaɗa ayaba da doya da rogo masu tsabta.

Akwai kuma maganar shigo da tsiro daga waje, Nasiru. Sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS. Kada wani ya cusa ɗanyen reshe a jaka ya taho mana da cutar da ba mu da ita.

Baba Garba mai magani: To na gane yanzu, Allah shi yi miki albarka. Amma in haka na, don mi za ku tahi Turkiyya da China neman abin da za ku ceta? Ga shi nan ƙohwar gida shina ƙarewa. Sanya nike nuhi, uwar magunguna. Sa'adda muna yara muna bin mahaihina daji, ba mu nisa da gari munka cimma ta. Kuma akwai ladabin gina: gehe guda aka tonawa, a yanki saiwa guda ko biyu, a maida ƙasa, a bar icce da ransa. Mahaihina ba shi yarda a taɓa gindi guda shekara biyu jere. Yanzu masu kai ta kasuwa buhu-buhu tumɓuke ta su kai gaba ɗai. Inda munka san ta dut babu, sai an kawo daga nesa, dajin da ta rage kuma ba shi shiguwa saboda halin tsaron da aka ciki. Hano ma haka, ana sassaƙe shi zagaye hal shi bushe tsaye.

Na sha ɗebo 'ya'yan sanya, masu hiffike ɗin nan, in shuka bayan gida. Kaɗan ka tsira, waɗanda sunka tsira kuma in ka cire su don dashe sai su mace. In wagga kwalba taku tana da amfani, to ga inda za a gwada ta. Maramiyya tana da masu kuka dominta can ƙasarsu. Sanya wa gare ta?

Hajiya Luba: Wallahi Baba ya faɗi gaskiya. Ni da nake sayar da kayan ƙamshi da na shayi, saiwar sanyar da ake kawo mana yanzu sirara ce, alamar ƙananan itatuwa ake tonewa. Da kuwa kauri gare ta, kana buɗe ƙullin warin man zafin nan zai cika shago.

Nasiru: Baba, Allah ya ƙara girma, ban ƙi maganarka ba. Amma kowane aiki yana son abin da zai riƙe shi. Maramiyya da dangin ƙamshi suna da masu saye nan take, sanya kuwa itace ce, sai an yi shekaru kafin a taɓa saiwarta. Wa zai biya kuɗin sinadarai a tsakani?

Baba Garba mai magani: Wanda yad dasa giginya ai ba don kainai yad dasa ba.

Malama Hadiza: Ku biyun kuna da hujja, kuma akwai wani dalili na aiki da zai sa a bi ta kan maramiyya ko da sanya ake nufi. Tsiro mai taushin kara ya fi itace sauƙi a kwalba nesa ba kusa ba. Itatuwa, musamman in daga babban gindi aka yanko, sukan fitar da wani ruwa daga bakin yankan, abincin ya yi baƙi, gaɓar ta shaƙe ta mutu cikin kwanaki. Maramiyya ma tana yi, amma da sauƙi. Ana rage shi da bitamin C, ko garin gawayi na musamman a cikin abincin, ko a riƙa sauya kwalba da wuri. Sannan itace tana da taurin kai wajen yin saiwa. Wanda bai saba hannu ba, in ya fara da sanya zai ƙarar da 'yan gaɓoɓin da aka wahala aka samo, bai fitar da ko ɗaya ba. Gara ya lalata ɗoɗɗoya da maramiyya dubu, tunda suna nan, har hannunsa ya faɗa. Sanya tana yiwuwa, masu bincike sun gwada ta a kwalba, kuma daga ɗan tsiron da aka fitar daga iri aka fi samun sauƙi.

Warin da Hajiya ta ambata kuwa sinadari ne da ke cikin saiwar, irin wanda ake sawa a man shafawa na ciwon jiki. Shi ne dalilin da ya sa manoma a arewacin Ghana ke barbaɗa garinta a rumbu don korar ƙwari. Shi ya sa kuma ba a wasa da yawanta a ciki, tana iya kisa.

Hajiya Luba: Malama, ni damuwata daban. Wannan ba shi ne irin da ake ta rigima a kansa ba, wanda aka sauya wa halitta? Mata masu saye za su tambaye ni.

Malam Usman: Tambayar da ke bakina ke nan.

Malama Hadiza: Ba shi ba ne, Hajiya. Waken nan SAMPEA 20-T da aka fitar daga Samaru a 2019, shi an shigar masa da wani ɓangaren gado daga bakteriya don ya kashe tsutsar da ke cin furensa. A rainon kwalba ba a shigar da komai, ba a cire komai. Reshen uwa ne aka ciyar har ya yi yawa.

Sai dai akwai wurin da ake taka-tsantsan. In aka bi ta hanyar da naman tsiron ke kumbura ya zama dunƙule marar siffa kafin ya fitar da rassa, ko aka daɗe ana yayyankawa shekara da shekaru, ko aka cika sinadari, wasu sukan fito da tawaya. Ya faru da kwakwar manja a Malesiya a shekarun 1980, aka dasa gonaki, sai da suka girma aka ga 'ya'yan sun lalace. Don haka ga tsiron magani, daga idon gaɓa kai tsaye ake so a fitar da reshe, kuma bayan wasu zagaye a koma ga uwa a ɗebo sabo.

Malam Usman: To in haka ne ban ga abin ƙi ba. Muna yi wa mangwaro aure, muna dasa rogo da kara. Hadisin auren dabino ma sananne ne, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar wa manoma sanin sana'arsu. Abin da zan ja hankali a kai shi ne amana: kada a sayar wa mutane da abu a ce magani ne alhali ba a tabbatar yana da ƙarfin na daji ba.

Baba Garba mai magani: Allah shi gafarta Malam, nan ɗin na nike da shakka. Mu mun san iccen da yat tashi kan tudu cikin wahala ya hi na lambu ƙarhi. Wanda anka shayar da sukari hwa?

Malama Hadiza: Baba, abin da kuka lura da shi gaskiya ne, kuma awo ya tabbatar da shi a tsirrai masu ƙamshi da yawa: rana, ƙarancin ruwa, irin ƙasa da lokacin yanka duk suna sauya yawan man da ke cikin ganye. Amma sukarin na 'yan watannin farko ne kawai. Ba ganyen kwalba za a sha ba. Da zarar an dasa shi a fili, rana da ƙasar wurin ne za su yi aikinsu. In aka kai shi fadama aka cika shi da taki da ruwa, zai yi ganye ya rasa ƙarfi, ko daga kwalba ya fito ko daga iri. Hanyar raba gardama ita ce a auna. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar ilimin haɗa magunguna, ga kuma NIPRD a Idu, Abuja, wadda binciken magungunan tsirrai ne aikinta. A kai na daji da na dashe a gwada su gefe da gefe.

Hajiya, tunda kina sayar da maramiyya, ki riƙa gaya wa masu saye: tana da sinadarin tujon, wanda yawansa ke iya jawo jijjiga. Ɗan ganye a shayi ba komai, amma mai ciki, da mai shayarwa, da mai farfaɗiya su guji yawaita ta, man da aka tatsa daga gare ta kuwa ba na sha ba ne.

Hajiya Luba: Na gode, wannan zan riƙe shi.

Abdul mai sola: Ku yi haƙuri in shigo da maganar da ba a taɓa ba. Malama, zafi nawa ɗakin kwalaben yake so, kuma awa nawa?

Malama Hadiza: Digiri 25, dare da rana. Haske awa 16, duhu awa 8.

Abdul mai sola: To nan gizo ke saƙar. Garin da ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, a ce ɗaki ya zauna a 25 ba yankewa. In aka ɗauke wuta da rana tsaka ɗakin ya rufe, kwalaben nan dahuwa za su yi. Janareta kuma kuɗin mai zai cinye aikin. Sola za ta iya, amma da sharaɗi: ɗakin ya zama ƙarami, a tsakiyar gini ba mai kallon yamma ba, a yi masa rufin da ke tare zafi, fitilun su zama LED don ba sa dumama wuri sosai, na'urar sanyaya ɗaki kuma mai inbata. Batirin dare shi ne mai tsada. Da hunturu kuma sai an riƙa goge faifan solar kullum saboda ƙura. Cibiyar binciken makamashi tana nan cikin jami'a, a nemi shawararsu kafin a sayi ko waya.

Nasiru: Sauran kayan fa ana iya rage tsadarsu. Sukarin shayi yana maye gurbin na ɗakin gwaji, kwalaben mayonis da aka wanke suna aiki, tukunyar matsi ta girki tana kai digiri 121, ruwan wanki irin Hypo ko Jik shi ne na kashe ƙwayoyin cuta. Har garin sitacin rogo an gwada a madadin aga.

Malama Hadiza: Duk haka ne, ban da abu ɗaya da ba a yi masa arha: tsabta. Abincin da ke ciyar da tsiro shi ne wanda fumfuna da bakteriya suka fi so, kuma sun fi shi saurin girma. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa. Ganyen maramiyya kuma gashi gare shi, ƙurar garin nan tana maƙalewa a ciki. Sai an wanke gaɓar da ruwa mai gudu, a tsoma a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na rabin minti, a jiƙa a ruwan bilic da aka sirka minti 10 zuwa 15, a ɗauraye sau uku da dafaffen ruwa. In an rage lokaci fumfuna ta ci, in an ƙara gaɓar ta ƙone. Ana yin yankan a akwati mai tace iska, kusa da harshen wuta, hannu da almakashi duk an goge da sifirit.

Amma inda aka fi asara ba a nan ba ne, a ranar fitarwa ne. Tsiron kwalba bakwaini ne: ya tashi a cikin laima, ganyensa bai yi kakin da ke tare ruwa ba, ƙofofin numfashinsa ba su iya rufewa ba, saiwarsa ba ta san ƙasa ba. Ka fitar da shi a iskar Janairu, kafin azahar ya yanƙwane. Sai an wanke agar da ke jikin saiwar sarai, a dasa a yashi da ruɓaɓɓen taki da aka turara, a rufe da leda a inuwa, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har mako uku ko huɗu. Malam Bello, wannan matakin ku ne gwanayensa, ba mu ba.

Bello mai lambu: Wannan kam na iya, haka muke lallaɓa dashen gwanda. Amma a tsara lokaci. Maramiyya sanyi take so, sanyinmu kuma busasshe ne, don haka sai rumfar leda da yayyafi safe da yamma. Sanya kuwa ni da farkon damina zan so a ba ni ita, kuma a leda mai zurfi, tunda Baba ya ce saiwarta ba ta son a taɓa. A yanke ledar a sa ta a rami da ƙasarta.

Har yanzu dai ina kan bakana: kafin a sayi batir, a ba ni 'ya'yan sanya in gwada su a gandu yadda ya kamata, a ɓare fiffiken, a jiƙa, a shuka a inda za su zauna. In ta kama ta nan, an huta.

Malama Hadiza: A yi duka biyun, ɗaya ba ya hana ɗaya. Iri ma yana da abin da kwalba ba ta da shi. Gindi dubu daga uwa guda, a wajen gado gindi guda ne. Cutar da ta kayar da ɗaya za ta kayar da duka. Wanda ke son ceton tsiro dole ya ɗebo daga uwaye da yawa, daga wurare daban-daban, ya rubuta inda kowace ta fito. A kai samfur ma'ajiyar busassun tsirrai ta sashen tsirrai na jami'a a tabbatar da ko wace ce, a kuma aika iri NACGRAB a Ibadan, inda ake adana irin tsirran ƙasar nan. Kuma Nasiru, kada ka yanko gaɓa daga daji ka kawo ɗakin gwaji kai tsaye. A fara rainon uwa a tukunya a wuri mai tsabta, ana ba ta ruwa a gindi ban da ganye, sabon tohon da ta yi shi ake ɗauka.

Nasiru: Na karɓa. Zan fara koyon hannu da ɗoɗɗoya da maramiyyar da ke wajen Yaya Bello, in Malama za ta duba ni. Baba, a ina za mu samu uwayen sanya da ba a taɓa ba?

Baba Garba mai magani: Akwai gindi huɗu da ni sani, cikin gonar wani aminina, shi ka tsaronsu tun zamanin ubanai. Sunan wurin ba ni rubuta shi nan, zauren ga mutum nawa ka karantawa ba mu san su ba, kuma masu gina suna da waya su ma. Kai da Bello ku iske ni gida bayan la'asar ranar da kunka shirya, in nemi izninai tukuna. Kada ku zo da galma ko gatari, 'ya'ya kaɗai za mu ɗiba.